Cinikin Biri a Sama: Mu da Hannun Jarin Kamfanonin Kwamfuta da Intanet



Daren Juma'ar da ta gabata, bayan an idar da sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar masallaci a nan Zango, Agege, sai ga wani ɗan ƙanwata da ke gyaran waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja. Ya gaida mutane, ya tsuguna kusa da ni, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Ya ce, "Kawu, duba ka gani." Na duba, na ga wani koren layi yana hawa kamar hanyar kan dutse. Ya ce ai hannun jari ne ya saya a wani kamfanin Amurka mai suna Nvidia, daga nan inda yake zaune, da 'yan dalolin da ba su taka kara sun karya ba, kuma ga shi kuɗin sun haihu.

Da a nan maganar ta tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani Alhaji da muke zama tare, dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, ashe yaron ya riga ya yi masa wannan huɗubar, har ya fara tunanin ɗaukar jarin da yake saro ragunan Layya da shi ya zuba a ciki, wai kafin Babbar Sallah ya cire da riba. Alhajin ya juyo ya ce mini, "Malam, kai da ka taɓa shiga wannan harka, me ka gani?" Na ce masa amsar ta fi ƙarfin hirar ƙofar masallaci, ya ba ni kwana biyu. To ga amsar, kuma na san ba shi kaɗai take yi wa amfani ba, domin yanzu daga Mile 12 har Alaba Rago da Idi-Araba babu majalisar da ba a wannan zance.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A shekarar 2007 ina cikin waɗanda suka bi layi a banki suka cike takardar sayen hannun jari. Duk wanda ya zauna Legas a lokacin zai tuna yadda abin ya kasance. Bayan da gwamnan Babban Banki na wancan zamani, Farfesa Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, har bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, sai bankunan suka fito neman kuɗin jama'a. Talla a rediyo, talla a jikin molue, ma'aikatan banki suna bin mu rumfa-rumfa da takardu. Wasu ma bankin ne ke ba su bashi su sayi hannun jarin. Ni kuɗin da na tara don ɗora ginin gida a garinmu na kwasa na saka a wani banki da ba sai na kama sunansa ba. Wata shida na farko ina ganin kaina wani gwani. A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya kai maki dubu 66 da 'yan kai, darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12. Shekara guda bayan nan ma'aunin ya gangaro zuwa wajen dubu 20. A watan Agusta 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Takardata tana nan cikin akwati har yau, ginin kuwa sai da ya ƙara shekaru yana jira.

Na san za a ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne. Shi ya sa na ƙi yanke hukunci da tsoro kawai, na zauna na duba me su kansu manyan masu zuba jari na duniya ke cewa game da waɗannan kamfanoni na kwamfuta da intanet.

Sun rabu gida biyu. Kashi na farko suna cewa wannan karon ba iska ake sayarwa ba, kamfanonin suna cin riba ta zahiri. Kuma suna da hujja. Nvidia, mai ƙera ƙananan na'urorin da ke zama ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira, ya yi cinikin dala biliyan 130 a shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a Janairu 2025, ribarsa ta haura biliyan 70. Darajarsa a kasuwa ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a Yuli 2025, ta taɓa tiriliyan 5 a Oktoban shekarar. Apple kuwa ribarsa ta shekara guda ta daɗe tana kai-komo a kusa da dala biliyan 100. Kashi na biyu ba su musa ribar ba, farashin suke tuhuma. Suna cewa an riga an biya kuɗin ribar da ba a ci ba tukuna, ta shekaru masu yawa nan gaba, kuma kamfanonin intanet irin su Microsoft da Amazon da Google da Meta suna zuba ɗaruruwan biliyoyin daloli wajen gina rumbunan kwamfuta alhali ba wanda ya tabbatar da ranar da kuɗin za su dawo. A watan Oktoba 2025 Babban Bankin Ingila da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk sun yi gargaɗin cewa farashin na iya rikitowa ba zato. An ma ga ɗan samfuri tun a ranar 27 ga Janairu 2025, lokacin da labarin wata manhajar ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya bazu: a wuni guda hannun jarin Nvidia ya faɗi da kashi 17 cikin ɗari, kusan dala biliyan 600 suka zube daga darajarsa, ko da yake ya farfaɗo daga baya.

Ni abin da na fahimta, kuma shi ne kan maganata, duka ɓangarorin biyu na iya zama masu gaskiya a lokaci guda. Kamfani na iya zama nagari, sana'arsa ta canza duniya, amma wanda ya sayi hannun jarinsa a mugun farashi ya tafka asara. Wannan ba baƙon karatu ba ne ga Bahaushen Agege. Alhaji ya fi ni sani: sa na iya zama lafiyayye, mai tozo, mai nama, amma in ka biya kuɗin shanu biyu a kansa, ƙoshinsa ba zai hana ka faɗuwa ba.

Tarihi ya riga ya yi mana wannan darasi sau ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da intanet ke sabo, Amurkawa sun yi rububin sayen duk kamfanin da ya ce yana harka a yanar gizo. Ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda akasarin irin waɗannan kamfanoni suke, ya kai maki 5,048 a ranar 10 ga Maris 2000. Zuwa Oktoba 2002 ya zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari. Bai sake komawa inda yake ba sai a 2015, wato shekara 15 cur. Mai karatu ya lura, intanet ɗin ba ƙarya ba ce. Duk abin da aka yi alkawari ya tabbata har da ƙari, ga shi yau mai sayar da goro a Isale Oja yana karɓar kuɗi ta waya. Amma waɗanda suka saya a tsakiyar rububin sun sha kashi. Wani kamfani mai suna Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, ya shiga kasuwa a Fabrairu 2000, kafin ƙarshen shekarar ya rufe. Yahoo, wanda da yawanmu a wurinsa muka buɗe akwatin imel na farko a shagunan intanet na Pen Cinema, darajarsa ta haura dala biliyan 100 a farkon 2000. A 2008 Microsoft ya taya shi biliyan 44 da 'yan kai, masu shi suka ce albarka. A 2017 aka sayar da gundarin kasuwancinsa wa Verizon a kan ƙasa da biliyan 5. Shi kansa Amazon da ake misali da shi yau, hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari tsakanin 1999 da 2001. Samarinmu kan ce da ka sayi Amazon a lokacin da yanzu ka zama attajiri. Haka ne, in har ka iya zaɓo shi daga cikin ɗaruruwan da suka mutu, kuma ka iya kallon nairarka ɗari ta koma ƙasa da goma ba ka sayar ba, ba kuma ka da kuɗin haya ko na makarantar yara da ke jiranka.

Masu ƙera kwamfuta fa? A nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa, domin suna ganin kayan a hannu. Mutum zai shiga layin Otigba ya ga HP da Dell da Lenovo jibge har rufi, sai ya ɗauka masu waɗannan sunaye ne ke kwashe ribar duniya. Ku tambayi duk mai shago a wurin nawa yake samu a kan kwamfuta guda, zai gaya muku cinikin da yawa, ribar 'yar kaɗan, domin maƙwabcinsa ma irin kayan yake sayarwa. Haka abin yake har can sama. Compaq, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, HP ya haɗiye shi a 2002. IBM da ya fito da irin kwamfutar tebur ɗin da kowa ya kwaikwaya, ya gaji ya sayar da sashen ga Lenovo na ƙasar Sin a 2005. Gateway ya koma hannun Acer a 2007. Hannun jarin Dell ya kusa dala 60 a shekarar 2000, amma da mai kamfanin, Michael Dell, ya saye shi daga hannun jama'a a 2013, ƙasa da dala 14 ya biya kowane ɗaya. Apple da ya fita zakka, shi ma a 1997 yana gab da durƙushewa har sai da Microsoft ya saka masa dala miliyan 150, kuma abin da ya ɗaga shi sama daga baya wayar iPhone ce ta 2007, wadda ba mai sayen hannun jari ko ɗaya da ya san da zuwanta shekara goma kafin nan.

Da na yi wa ɗan ƙanwata wannan bayani sai ya ce, "To ai shi ya sa na sayi Nvidia, Kawu. Kowa ya ci, kowa ya faɗi, dole ya sayi kayansu." Na ce masa na gane, mai tirela kake nufi. Ko shanu sun yi tsada a Legas ko sun faɗi, mai motar da ya ɗauko su daga Potiskum ko Maigatari ya karɓi kuɗinsa. Dabara ce mai kyau. Sai dai a shekarar 2000 ma akwai mai tirela, sunansa Cisco, shi ke ƙera na'urorin da ke haɗa hanyoyin intanet. A watan Maris na shekarar ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Bai mutu ba, amma hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma wanda ya saya a ƙololuwa ya shafe fiye da shekara 20 bai ga farashin da ya biya ba. Intel ma mai tirela ne na zamaninsa, kusan kowace kwamfuta da tambarinsa a jiki. A watan Agusta 2024 ya dakatar da raba riba, hannun jarinsa ya zube da kashi 26 cikin ɗari a rana ɗaya. Ban ce abin da zai sami Nvidia ke nan ba, gaibu sai Allah. Na ce dai tirela ma in ka saye ta da kuɗin tireloli biyar, sai ka tsufa kana biyan kanka.

Mu dawo gida, kada a ce sai labarin Turawa nake kawowa. A waccan shekara ta 2008 kamfanin haɗa kwamfuta na Omatek, na marigayiya Injiniya Florence Seriki, ya shiga kasuwar hannayen jari ta Legas, haka ma Starcomms mai layin waya da intanet da muka yi yayinsa. Hannun jarin na farko ya gangaro ya koma kwabbai, na biyu kuwa yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Jumia, da aka fara a nan Legas a 2012, ya shiga kasuwar New York a Afrilu 2019 a kan dala 14 da rabi. Cikin 'yan makonni ya haura dala 40, a Maris 2020 ya dawo ƙasa da 3, a Fabrairu 2021 ya haura 60, a 2023 ya sake komawa ƙasa da 3. Babura da motocin kai kayansa suna yawo a titi duk tsawon wannan lokaci, mai kallo daga bakin hanya ba zai taɓa sanin ana wannan hawa da sauka ba. MTN kuwa, da babu gidan da babu layinsa, ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169 a Disamba 2021, sannan ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024, saboda faɗuwar naira ta kumbura bashin da ke kansa na dala, kafin ya dawo cin riba a 2025. Masu kira ba su ragu ba, masu sayen data ƙaruwa ma suka yi. Ashe yawan kwastoma kaɗai ba ya gaya maka halin da littafin kamfani yake ciki.

To yaya mutum zai gane farashi ya yi tsada? Akwai awo mai sauƙi da mu 'yan kasuwa muka saba da shi ba tare da mun ba shi suna ba. In aka ce maka ga gida a Agege naira miliyan 20, hayarsa miliyan 2 a shekara, nan take za ka ce shekara 10 kuɗina su dawo. In aka ce gidan miliyan 100 ne, hayar tana nan miliyan 2, za ka ce shekara 50, sai dai in akwai dalilin da zai sa hayar ta ninka sau da yawa nan kusa. Haka ake auna hannun jari: a raba farashinsa da ribar da yake samarwa a shekara. Duk manhajar da ake saye da ita tana nuna wannan lamba, yawancin samarinmu ne ba sa kallon wurin, koren layin kawai suke kallo. Cisco a lokacin da ya kai ƙololuwa ana sayen sa ninki fiye da 100 na ribarsa. Wanda bai san wannan lamba ba a kan abin da ya saya, cinikin biri a sama ya yi, ko da kuwa birin na ƙwarai ne.

Adalci ya sa in faɗi inda yaran nan suka fi mu gaskiya. Naira ta ci amanar mai ajiya. Ma'aunin kasuwar Legas bai sake taka matsayinsa na Maris 2008 ba sai a Agusta 2023, shi ma shekara 15, kamar an haɗa baki da Nasdaq. Amma a 2008 dala tana wajen naira 118, a Agusta 2023 tana sama da 700 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wato ko wanda ya yi haƙuri har farashinsa ya dawo, in aka auna da dala bai tsira da kashi ɗaya cikin biyar ba. Saboda haka saurayin da ya ce zai ajiye wani abu daga guminsa a kadarar da ake lissafinta da dala ba wawa ba ne, kuma ni ba zan hana shi ba. Haka nan ta fuskar addini, malaman da suka yi nazarin harkar sun halatta sayen hannun jari da sharuɗɗa: asalin sana'ar kamfanin ta zama halal, bashin ruwan da ke kansa kada ya kai wajen sulusin darajarsa, abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta dace ba kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma a fitar da wannan a yi sadaka da shi. A kan irin wannan tacewa aka kafa ma'aunin Musulunci na Lotus a kasuwar Legas a 2012. Kamfanonin kwamfuta da yawa suna tsallake wannan siraɗi, amma a tambayi malami a kan kowane ɗaya, a kuma tuna da zakka.

Sai kuma maganar hannun da za ka danƙa wa kuɗin. A watan Agusta 2021 Babban Bankin Nijeriya ya samo umarnin kotu aka rufe asusun wasu kamfanonin da ke saya wa 'yan Nijeriya hannun jarin ƙasashen waje, na wani lokaci, masu kuɗi a ciki suka kwana da fargaba. Waɗannan ma masu sana'ar gaskiya ke nan. Ban da su akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan fasaha. Mun ga MMM a Disamba 2016, mun ga CBEX a Afrilu 2025, kuma a kowane karo akwai 'yan unguwar nan da suka yi kuka a ɓoye. Duk wanda ya yanka maka ribar da za ka samu da ranar da za ka same ta, ba hannun jari yake sayar maka ba. A duba ko hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa, SEC, ta yi wa kamfani rajista kafin a tura ko sisi.

Yanzu ga amsata ga Alhaji. Alhaji, kada ka taɓa kuɗin ragunan nan. Jarinka yana da ranar da ake buƙatarsa, kasuwar hannun jari kuwa ba ta san Babbar Sallah ba. In ta faɗi da sulusi ana saura mako uku ka tafi saro kaya, dole ka sayar a faɗe, ka rasa kuɗi, ka rasa kakar bana, yaran da ke ci a ƙarƙashinka su ma su rasa. A harkar rago kai ne gwani, kana taɓa gadon bayansa ka faɗi nauyinsa, ka san wanda aka ɗura wa ruwa da gishiri. A harkar Nvidia kuwa kai ne baƙauyen da ya shigo kara ranar jajibiri, kuma ka fi kowa sanin yadda ake yi da shi. Mu da ke zaune a ƙasar wasu, jarinmu shi ne gatanmu. Da shi ake biyan haya, da shi ake aika wa na gida, da shi ake kai gawa ko mara lafiya Arewa in ta kama, da shi ake sake tashi in gobara ko rikici ko rusau ya ci rumfa. Irin wannan kuɗi ba a kai shi inda ba za a iya ɗauko shi da daraja a ranar buƙata ba.

Kai kuma ɗana, ci gaba da abinka, amma da sharaɗi uku. Ka saka abin da in ya kwana shekara 10 ba za ka neme shi ba. Kada ka ci bashi ko ka ɗauki kuɗin adashi ko na amanar wani ka saka. Kada kuma ka tara komai a kamfani ɗaya, domin kakanninmu da suka zo garin nan fataucin goro ba sa zuba dukiyarsu duka a huhu guda, sun san ƙwaro ɗaya na iya cinye shi. Sannan ka daina nuna wa dattawa koren layi ba tare da ka nuna musu ja ba. Ranar da abin ya juya, ba Amurka za su je neman bayani ba, ƙofar gidan uwarka za su zo.

Na gaya wa Alhaji wannan jiya da la'asar. Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da babban ɗansa. Ban sani ba ko ya ji, ko koren layin ya fi ni baki. Wanda yake da wata fahimta daban, musamman 'yan'uwanmu da suka yi karatun harkar kuɗi, ƙofa a buɗe take, a gyara mini inda na yi kuskure.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu da asara, Ya mai da kowa gida lafiya.

Wassalam.